Kafin Ka Huda Akwati: Yadda Ake Tsara Fedar Jita A Kwamfuta

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma masu son su karanta a nutse su ajiye.

Yau zancen jita za mu yi, ta ɓangaren wayoyi da dalma. Idan ka taɓa kallon makaɗin jita mai lantarki a kan dandali, za ka lura akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe a gaban ƙafarsa. Ya taka ɗaya sai sautin ya koma gurnani, ya taka wani sai ka ji amsa-kuwwa kamar a cikin kogo yake. Sunansu feda, kamar dai fedar keke, tunda da ƙafa ake taka su. Da dala ake sayar da su, kowa kuma ya san yadda dala take da aljihunmu. Amma idan ka kwance wasu daga cikin mafi shahara, abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba. Shi ya sa mutane da yawa a duniya suke haɗa nasu a ɗaki. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne yadda ake tsara irin wannan feda a manhajar zane ta kwamfuta, wato CAD, tun kafin a kashe ko kwabo a kan kaya.

Mu fara da abin da fedar take yi. Jita mai lantarki tana da maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyinta. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai a sami ɗan ƙaramin lantarki mai hawa da sauka, yawanci bai kai bolt 1 ba. Shi ne yake bin waya ya tafi amfilifaya. Feda tana zama a tsakiya, ta karɓi wannan sigina, ta canza masa siffa, sannan ta miƙa shi gaba.

Gurnanin nan da ake kira faz, asalinsa ma daga lalacewar na'ura ne. A farkon shekarun 1960, a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Nashville ta Amurka, wani layi na na'urar haɗa sauti ya sami matsala, sautin ya fito a dagule, mutane kuma suka ji ya yi musu. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya tsara da'irar da za ta riƙa ba da wannan sauti da gangan. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da ita da sunan Maestro Fuzz-Tone. Da Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da ita a waƙar Satisfaction a 1965, sai kasuwarta ta buɗe. A 1966 aka fitar da Fuzz Face a Landan, wadda Jimi Hendrix ya shahara da ita. Kun san me ke cikin Fuzz Face? Taransista 2, rezista 4, kafasita 3, da murɗi 2. Shi ke nan fa.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Wanda yake jin jitar Agadas, irin ta Bombino ko Mdou Moctar, ya san yadda jita mai lantarki ta zauna daram a bukukuwan Nijar. Shi Mdou Moctar ma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Don haka haɗa kayan kiɗa da kanka ba baƙon abu ba ne a wannan yanki.

To me ya kawo kwamfuta cikin zancen? Ai mutum zai iya zana da'ira a takarda ya kama liƙa waya. Haka ne, an yi shekaru ana yin hakan. Matsalar ita ce kuskure a wannan aiki tsada gare shi. Ka huda akwatin ƙarfe a inda bai dace ba, rami ba ya komawa. Ka aika zanen allo a buga maka a waje, ka biya kuɗin jirgi, ka jira makonni, ya iso ka tarar ƙafafun taransista a juye suke, to kuɗi da lokaci sun tafi. A kwamfuta kuwa, gyaran kuskure danna maɓalli ne kawai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, to a nan manhajar ita ce rigakafin.

Manhajar da nake ba kowa shawara ya fara da ita ita ce KiCad. Kyauta ce, ba a neman lasisi, kuma da zarar ka sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba, a Windows ko Linux ko Mac. Wani malami a Grenoble ta Faransa, Jean-Pierre Charras, shi ya fara ta a 1992, daga baya cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta shigo tana taimakawa wajen bunƙasa ta. Akwai EasyEDA, wadda ake buɗewa a burauza, tana da sauƙin koyo amma tana son intanet. Akwai DIY Layout Creator ga wanda zai haɗa a kan allo mai ramuka na kasuwa. Akwai LTspice don gwada da'ira. Sai FreeCAD ko Inkscape don tsara akwati. Duk waɗannan za ka iya amfani da su ba ka biya ko sisi ba.

Aikin hawa huɗu ne, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hawa na farko shi ne taswirar da'ira. A nan ba ruwanka da girman kaya ko inda za su zauna. Abin da kake nunawa kawai shi ne wane abu ne yake haɗe da wane. Kowane kaya yana da alamarsa: rezista, kafasita, dayod, taransista, aisi. Ka ɗauko alama, ka ajiye, ka ja layi zuwa ta gaba. Ka saba da zana shigar sigina a hagu, fitarsa a dama, wutar batir a sama, layin ƙasa a ƙasa, saboda haka kowa yake karanta irin wannan taswira. Ka ba kowane kaya suna da ƙima: R1 kaza, C1 kaza. Idan ka gama, akwai maɓallin da ake kira ERC, yana duba maka ko akwai ƙafar da ka bari a sake, ko ka haɗa abubuwan da bai kamata su haɗu ba. Kar ka wuce wannan hawa sai ka karanta kowane gargaɗi ka gane dalilinsa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata su shiga taswirarka ko da wadda kake koyi da ita ba ta nuna su ba. Na ɗaya, dayod na kariya a bakin shigar wuta, kamar 1N5817. Dalili kuwa shi ne yawancin fedoji suna bin tsarin kamfanin Boss: bolt 9, kuma tsakiyar filogin shi ne nagetif. Adaftocin da muke da su a gida, na dikoda da na rauta, galibinsu bolt 12 ne kuma tsakiyarsu fozitif. Bakinsu kuma yana iya shiga. Wata rana wani zai jona, ko kai ko ƙaninka, kuma wannan ɗan dayod ɗin shi zai hana wuta ta shiga a juye. Na biyu, kafasita babba kamar 100uF a layin wuta don tace ƙugi, da ƙarama 100nF kusa da ƙafar aisi. Na uku, idan kana amfani da aisi mai ƙara ƙarfin sigina, kana buƙatar rabin wutar, wato bolt 4.5, wanda ake samu da rezista biyu masu ƙima ɗaya. A kan wannan rabin ne sigina yake hawa yana sauka.

Hawa na biyu shi ne gwaji a cikin kwamfuta. Wannan shi ne wurin da ni ya fi burge ni. Akwai wani tsarin lissafi da ake kira SPICE, wanda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973. Shi ne tushen LTspice, kuma KiCad ma tana da irinsa a cikinta. Za ka zuba wa da'irarka siginar ƙarya, manhajar ta zana maka yadda zai fito.

Bari in ba ku misali da Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970. A cikinta akwai aisi mai lamba 4558, kuma a gefensa akwai rezista 4.7k da kafasita 47nF a jere. Waɗannan biyun su suke yanke hukuncin wane sauti za a ƙara wa ƙarfi sosai. Lissafin shi ne 1 a raba da 6.28 sau rezista sau kafasita, amsar tana ba da kaɗawa kusan 720 a daƙiƙa. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan 82 a daƙiƙa ne. Ka ga kenan sauti mai kauri ba ya samun ƙarin ƙarfi kamar na tsakiya, shi ya sa fedar ba ta cakuɗe sauti, take sa jita ta fito fili a cikin sauran kayan kiɗa. Yanzu a manhaja ka canza kafasitar zuwa 100nF, ka sake gwadawa. Lambar za ta sauko zuwa kusan 340, kauri ya ƙaru. Ka koyi wannan ba ka narka dalma ko ɗigo ɗaya ba.

Haka zancen dayod. Gurnani yana samuwa ne idan aka aske kan sigina. Dayod na silikon kamar 1N4148 yana fara askewa a wajen bolt 0.6, na jamaniyom a wajen 0.3, jan LED kuma sai sigina ya haura bolt 1.5. Wanda ya fi saurin askewa ya fi matse sauti kuma ya fi rage ƙara. Inda ka sa dayod ɗin ma yana da tasiri: Tube Screamer ta sa nata a hanyar da sigina yake komawa cikin aisi, askin ya zama mai laushi, ita kuwa Boss DS-1 ta 1978 ta sa nata daga layin sigina zuwa layin ƙasa, askin ya zama mai kaifi. Duk za ka ga bambancin a hoto.

Amma fa a kula, kwamfuta ba ta da kunne. Za ta nuna maka siffa, ba za ta gaya maka ko sautin ya yi daɗi ba. Don haka bayan gwajin manhaja, ka jera kayan a allon gwaji, wanda ake soka ƙafafu ba tare da dalma ba, ka jona jita ka saurara. Sannan ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: Fuzz Face ta farko da taransistan jamaniyom aka yi ta, shi kuma jamaniyom zafi yana canza masa hali. Fedar da ta yi daɗi da sanyin safiya tana iya shaƙewa da rana tsaka a watan Afrilu. Ga wanda yake Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, silikon ya fi kwanciyar hankali. Ƙari a kan haka, waccan ta farkon fozitif ne layin ƙasarta, don haka ba a haɗa ta a adafta ɗaya da sauran fedoji.

Hawa na uku shi ne allon da kayan za su zauna. A nan kowace alama da ka zana sai ka haɗa ta da sawunta, wato ainihin ramuka da tazarar da ƙafafun kayan za su shiga. Nan ne aka fi yin asara, don haka a saurara da kyau. Ka ɗauki taransista 2N3904 da BC547. Idan ka ajiye su gefe da gefe, jikinsu iri ɗaya ne, baƙi mai ƙafa uku. Amma ka fuskanci gefen da yake a shafe, ƙafafu suna kallon ƙasa: na farko jerinsa E, B, C ne daga hagu, na biyu kuma C, B, E. Ka zaɓi sawun wannan ka sayo wancan, da'ira ba za ta yi aiki yadda ka tsara ba. Maganin abin shi ne ka fara sayen kayan, ko ka tabbatar da abin da ake samu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin na garinku, sannan ka zaɓi sawu. Ka nemo takardar bayanin kowane kaya a intanet ka duba jerin ƙafafunsa. Ka auna tazara: ƙafafun aisi milimita 2.54 ne tsakaninsu, ƙananan kafasita masu kama da akwati yawanci milimita 5.

Wajen jera kaya, ka fara da waɗanda ba su da zaɓin wuri, wato murɗa-murɗan da za su leƙo ta saman akwati da wuraren da wayoyi za su shigo. Sauran su biyo baya bisa tafiyar sigina. Ka nesanta layin shiga daga layin fita, musamman a feda mai ƙara ƙarfi sosai, domin idan suka yi kusa, abin da ya fita zai riƙa komawa ciki, sai ka ji fedar tana fito ita kaɗai. Ka cika sauran filin allon da jan ƙarfen layin ƙasa, yana rage hayaniya. Layuka kuma kar ka sirantar da su ba dalili, rabin milimita ya wadatar kuma ya fi jure zafin ƙarfen dalma a hannun ɗan koyo. Ka rubuta sunan kowane kaya da alamar fozitif a jikin allon. Daga nan ka danna DRC, shi kuma yana duba ko layuka sun matsu da juna, ko akwai haɗin da taswira ta ce a yi ba ka yi ba.

Ga wata dabara mai arha: ka buga zanen allon a takarda a ainihin girmansa, kashi 100 cikin 100, ka ɗora a kan soso ko kwali, ka soka kayan a ramukan. Wanda bai shiga takarda ba, ba zai shiga allo ba.

Idan komai ya zauna, sai ka fitar da fayilolin da ake kira Gerber, tare da fayil na ramuka. Su ne yaren da masana'antun buga allo suke ji, irin su JLCPCB da PCBWay a Chaina. Mafi ƙarancin oda yawanci allo 5 ne, kuma sau da yawa kuɗin kawowa ya fi kuɗin allon. Don haka ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya. Wanda ba shi da halin wannan, allo mai ramuka da layukan jan ƙarfe yana nan, ka tsara shi a DIY Layout Creator, ka nuna inda za a yanke layi da inda za a yi gada.

Hawa na huɗu shi ne akwati. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Hammond 1590B, na alminiyom, tsawonsa kusan milimita 112, faɗi 60, tsayi 31. Akwai 125B, ya ɗan fi shi girma da zurfi, ya fi sauƙi ga mai farawa. Ana son ƙarfe ne saboda idan aka haɗa shi da layin ƙasa yana tare hayaniyar waje. Abin da ke yaudarar mutane shi ne awon da aka rubuta na waje ne. A ciki bango ya ci wuri, kusurwa huɗu akwai ginshiƙan sukuru, bangon ma a ɗan karkace yake. Kuma ba allo kaɗai zai shiga ba. Akwai makunnin ƙafa mai ƙafafu 9, wanda idan ka kashe feda yake wuce da sigina kai tsaye. Akwai ramukan jona jita guda 2 na milimita 6.35, waɗanda idan filogi ya shiga yana ƙara cin wuri a ciki. Akwai bakin wuta, da LED, da batir idan kana so.

KiCad tana nuna allonka a siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, kuma za ka iya fitar da shi ka saka a FreeCAD tare da akwatin, ka juya ka ga ko wata doguwar kafasita za ta hana murfi rufuwa. Bayan haka ka zana takardar huji: da'ira a kowane wurin rami da ɗigo a tsakiya. Murɗi yawanci rami milimita 7 yake so, makunnin ƙafa 12, amma ka auna naka kafin ka amince. Ka buga, ka sa rula ka tabbatar firinta ba ta rage girman ba, ka manna a akwati, ka dasa ɗigo da ƙusa, ka fara da ƙaramin baki kafin babba. Ka bar tazara tsakanin makunnin ƙafa da murɗa-murɗai, don takalmi ba yatsa ba ne.

Gargaɗi uku kafin mu rufe. Bolt 9 ba ya cutarwa, amma amfilifaya mai kwalabe tana ɗauke da ɗaruruwan bolt a ciki ko bayan an cire ta daga soket, ɗan koyo ya bar ta a rufe. Dalma tana da guba, ka yi aiki inda iska take shiga, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Sannan idan za ka sayar da abin da ka haɗa, ka sa masa sunanka. Kar ka manna sunan wani kamfani ko tambarinsa, kuma idan zanen allon wani ka ɗauka, ka duba sharaɗin da ya gindaya.

Wani zai ce, ni ko jita ban taɓa riƙewa ba, ina ruwana? To ka duba abin da muka bi: taswira, gwaji, allo, akwati. Hanyar nan ita ake bi wajen tsara allon cajin sola, da fitilar caji, da na'urar ƙararrawar shago. Feda tana da daɗin koyo ne kawai saboda kayanta kaɗan ne, wutarta ba ta kisa, kuma sakamakon da kunnenka za ka ji shi. Da yawanmu mun gama makaranta mun san lissafin rezista da kafasita a takardar jarrabawa, amma ba mu taɓa mayar da shi abin da za a riƙe a hannu ba. Wannan ƙofa ce mai arha ta shiga.

Aikin gida na wannan mako: ka sauke KiCad, ka nemo taswirar Fuzz Face ta silikon, ka zana ta da kanka har ERC ya daina ƙorafi. Kaya 11 ne kacal. Wanda ya yi, mace ko namiji, ya ɗauki hoton allon kwamfutarsa ya turo mana, mu duba tare. Wanda ya maƙale ma ya faɗi inda ya maƙale.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.